Finafinan Jiragen Yaƙi da Wayar Habibu

Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku game da ni da ɗan baffanku Habibu. Tsufa gwiwata ya ci, bai ci kunnena ba. Wasunku sun ce rabon gidan kakanku na Funtuwa ne ya shiga tsakaninmu, wasu sun ce karatun Larabci ne ya hau masa kai har ya raina mu 'yan boko. Duk ba haka ba ne, kuma wanda ya fara ƙaga wannan magana ya ji tsoron Allah. Habibu bai taɓa raina ni ba. Kun sha ganinsa da Sallah, yana zuwa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya kurɓi ruwa ya tashi. Abin da kuka lura da shi, cewa ba ya zama, gaskiya ne. Dalilin a Alƙahira yake, a shekarar dubu biyu da goma sha uku, kuma ba za ku gane shi ba sai na fara da finafinan nan na jiragen ruwa da kuke yi mini dariya a kansu.

Kakanku, Baba Soja, ya yi yaƙin Bama. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin bayan gari ba, aka kwashe su zuwa Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa, suka yi makonni ba su ga ƙasa ba. Abin mamaki, in ya zauna hira ba ya zancen daji, ba ya zancen harbi, jirgin nan ne kawai a bakinsa. Yadda ake hana su kunna taba a waje, yadda amai ya kusa hallaka rabin bataliyarsu, da kyaftin ɗin jirgin, wani Bature mai farar hula a ka, da ke tsayawa can sama ba ya magana da kowa, amma in ka ɗaga kai ka gan shi a tsaye sai hankalinka ya kwanta. Ina ɗan sakandare a Zariya na fara satar shiga silima, ran nan aka sa wani fim baƙi da fari na jirgin yaƙi. Sai ga mutumin nan mai farar hula a tsaye, sak yadda Baba ya kwatanta shi. Tun daga ranar ban warke ba.

Kuna cewa ba a yin komai a cikin finafinan nan, kuma ban musa ba. Jira ake yi. Mutum ya ɗora na'ura a kunne yana sauraron motsin abokin gaba a ƙarƙashin ruwa, wani yana goge tabarau, wani yana haɗa shayi, ruwa yana dukan ƙarfe. Harbin ma in ya zo bai fi minti biyar ba. To, me ya riƙe ni shekara hamsin? Na ga mutanen da kowa ya san wurin tsayuwarsa. Ba mai ihu, ba mai rantse-rantse, ba mai kuka a gaban jama'a. In wuta ta tashi a wani ɗaki sai a rufe ƙofar ƙarfe don sauran su tsira, wanda ya ba da umarnin ya koma ya tsaya inda yake. In ana tsoron abokin gaba ya ji su sai a kashe rediyo, ba a aikawa ba a amsawa, ko da waye ke kira. Na ga kawaici irin na iyayenmu a jikin Turawa, abin ya burge ni. Da na kama aiki kuma sai aka kai ni sashen rajista, inda sana'ar duka ita ce ka ga takarda ka yi kamar ba ka gani ba. Shekara talatin na yi ina rufe fayil ina rufe baki, har na ɗauka dukkan mutunci ke nan.

Alƙahira ita ce ƙasar waje ta ƙarshe da ofishin jakadanci ya tura ni kafin ritaya. Ni da mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, muka kama gida a Giza, hawa na huɗu, ku duk kuna gida Najeriya, masu aure na aure masu karatu na karatu. A hawa na uku akwai wani tsohon Bamisire, Amm Nagib, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen dakon kaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje, yana da kwali biyu cike da faya-fayan tsofaffin finafinan yaƙin teku. A matattakala muka haɗu, ya ji sautin da ke fitowa daga falona ya tsayar da ni. Larabcina na kasuwa ne, Turancinsa na tashar jiragen ruwa, amma muka daidaita. Kullum bayan la'asar, in an bar mu da wuta, sai ya hawo da faifai ɗaya a aljihun jallabiya, mahaifiyarku ta aiko mana da shayi tana mita.

"Tsofaffi biyu, ba hadisi ba tafsiri, sai kallon ruwa," in ji ta. "In ruwa kuke so ga Nilu can, ku je ku kalla kyauta."

Habibu a lokacin yana shekararsa ta ƙarshe a jami'ar addinin nan ta unguwar Darrasa, ɓangaren Shari'a. Ba yaro ba ne, ya kusa talatin, an ma yi masa baiko a gida. Ya taɓa maimaita aji ɗaya saboda zazzaɓin da ya kwantar da shi lokacin jarrabawa, aka kuma ja masa kunne cewa in ya sake rasa wata shekarar tallafin karatunsa ya tafi, takardar zamansa ma ta bi. A jami'ar nan in ka rasa jarrabawar ƙarshen shekara ba zancen a yi maka daga baya cikin sauƙi. Shekara bakwai ke nan rabonsa da zaman gida. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da aka ɗora mini a kai daga baya.

Da watan jarrabawa ya kama sai ya tattaro littattafansa ya dawo gidanmu. Shekarar nan Alƙahira ba daɗi: zafi, ɗauke wuta safe da rana, layin mai har ya zagaye unguwa, kowa a fusace yake. Ɗakinsu na ɗalibai mutum huɗu ne, fanka ɗaya. Ranar da ya zo, bayan ya ci abinci, ya zaro wayarsa ya kashe, ya miƙo mini da hannu biyu. Al'adar ɗalibai masu himma ce a can, suna damƙa wa wani babba wayarsu har a gama.

"Baffa, ga amana," ya ce. "Na yi sallama da su Inna jiya. In ka ji ina roƙonka ita kada ka ba ni. In wani abu ya taso a gida, ai kai za a fara kira."

Na karɓa na jefa a aljihun teburina, wanda nake ajiye fasfo. Har na yi masa barkwanci na ce amanar ba ta da nauyi.

Ya shiga karatu ba ji ba gani. Asuba ya fita ya hau ƙaramar bas zuwa Darrasa in yana da jarrabawa, in babu ya wuni a kan tabarma yana bitar haddarsa. Hutunsa ɗaya ne, sa'ar nan ta bayan la'asar, sai ya fito ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya kalli fim tare da mu. Da farko don girmamawa yake yi. Ya ce tunda babu rawa babu waƙa babu mata, bai ga inda za a haramta shi ba, sai dai a ce makaruhi ne saboda sa barci. Amm Nagib ya yi dariya har da tari. Amma cikin mako guda Habibu ya kamu. Shi ne ma ke tambaya me ya sa ba a tsayawa a ɗauki waɗanda suka faɗa ruwa, Amm Nagib yana yi masa bayani da cokalin shayi da marfin tulu.

Saura masa darussa huɗu, kwana goma sha biyu, Yaya Sale ya kira ni a ofis. Yaya Sale, ga waɗanda ba su riske shi da ƙarfinsa ba a cikinku, shi ne babbanmu, mahaifin Habibu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ba a yi masa musu. Ya ce an kwantar da Yaya Hauwa, mahaifiyar Habibu, a asibiti a Zariya, ƙodarta ta tsaya, likitoci sun ja shi gefe sun ce a yi ta addu'a.

"Mamman, kada yaron nan ya ji," ya ce. "Ka ji ni? Ko da ta Allah ta kasance, kada ya ji sai ya ajiye alƙalami. Zuwansa ba zai ƙara mata kwana ba, amma zai rushe shekara bakwai."

Na ce, "Yaya, jirgi yana tashi daga nan zuwa Kano, wuni ɗaya ya iso."

"Ya iso ya yi me? Ya tsaya a kanta yana kuka? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na gama magana."

Kada ku yi saurin zagin baffanku. Haka ake yi a wurinmu tun kafin a haife ku, kuma har gobe ana yi. Ɗalibi yana nesa, a ɓoye masa rasuwa har ya gama, wani ma sai ya sauka a tasha ya ga an zo tarbarsa da yawa sannan jikinsa ya ba shi. Ana ganin jinƙai ne. Ni kaina na sha zama a gidajen ɗalibai a Alƙahira ina cin abinci da wanda na san ubansa ya kwana uku a ƙasa. Saboda haka ba umarnin Yaya Sale ba ne ya dame ni. Abin da nake so ku sani shi ne, da na ajiye wayar, a ƙasan raina na ji wani irin daɗi. Na ji an ɗora mini kaya irin na manya. Na dawo gida ina tafiya a miƙe, wallahi kamar an ɗora mini farar hular nan.

Mahaifiyarku ba ta ga hula ba. Na gaya mata a kicin, murya ƙasa-ƙasa, Habibu yana ɗaki yana karatu. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Alhaji, ba rasuwa aka yi ba fa. Da rai take. Ɓoye mutuwa daban, ɓoye mai rai daban."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," na ce.

"To, ai ba cikinka ba ne, uwarsa ce. Ka gaya masa, ya zaɓa da kansa. Mutum mai gemu, mai karanta Shari'a, shi ne ba zai iya auna uwa da jarrabawa ba?"

"In na gaya masa na riga na zaɓa masa. Wane ɗa ne zai ji ya zauna?"

"Ka ga ashe ka san abin da zai zaɓa."

Nan na fusata, don kun san ni in aka ƙure ni. Na ce mata ba ta san komai ba game da riƙon jama'a, na ce a kowane gida dole a sami mutum ɗaya da zai haɗiye abu don sauran su kai gaci. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta san inda na samo wannan karatun, kuma ba a wurin malamai ba ne. Ta ce ba za ta tona ba tunda na hana, amma kada in sa ran za ta riƙa yi wa yaron dariya. Ta cika alkawari duka biyu. Kwanakin nan ta riƙa dafa masa duk abin da yake so, dambu, miyar kuka da ta ɓoye tun daga gida, tana ajiye masa ta juya da sauri. Shi kuwa ya ɗauka tausayin karatu ne.

Ya rubuta darasi na farko, ya rubuta na biyu. Kullum Yaya Sale na kira na a ofis, jiki ya yi sauƙi, jiki ya tsananta. Kullum bayan la'asar muna zaune mu uku gaban talabijin. Ina kallon kyaftin yana karanta wata 'yar takarda ya ninke ya sa a aljihu, ya ce a kawo masa shayi, ni ma sai in gyara zama. Ban taɓa jin daɗin finafinan nan kamar a makon nan ba, kuma wannan magana ce da nake jin kunyar rubutawa.

A rana ta shida aka ɗauke wuta tun azahar, ba kallo. Ina gida don Asabar ce. Habibu yana ɗakinsa yana bitar Alƙur'ani da ƙarfi, saboda washegari zai shiga jarrabawar baka, wadda malami zai jawo aya daga ko'ina ya ce ci gaba. Na buɗe aljihun tebur neman wata takarda, na ga wayarsa. Har yau ban san abin da ya sa na kunna ta ba. Na ce wa kaina ina so in duba ko wani ya turo saƙon da zai tona asiri, in san yadda zan yi da shi. Ko minti biyu ba ta yi a kunne ba ta fara rawa a hannuna. Sunan Maryam ne, ƙanwarsa, wadda ke jinya a asibiti. Na fita baranda na amsa.

"Yaya Habibu? Alhamdu lillahi! Tun jiya nake gwadawa."

"Baffanku ne, Maryam."

Ta ce Inna ta farfaɗo tun safe, hankalinta garau, ta sha kunu, kuma ba abin da take faɗa sai a kira mata Habibu. Ta ce babansu bai san ta kira ba. Kafin in ce wani abu na ji an matsa da wayar.

Yaya Hauwa ita ta yi mini wanki da tuwo shekara shida a gidan Yaya Sale. Tana amarya na zo hannunta, ina ɗan shekara tara, ƙazami mai ƙwarƙwata. Ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke rufa mini asiri in na yi laifi. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Boko, irin wasan matar wa da ƙanin miji. Muryar da na ji ran nan siririya ce, amma tata ce.

"Ɗan Boko, kai ne ka tsare mini ɗa?"

"Ni ne, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ba ni shi."

"Ya tafi jarrabawa, Yaya. Ba ya nan."

Ta ɗan yi numfashi. A bayana karatun Habibu yana tashi, yana cikin suratu Maryam, ban manta ba. Na sa tafin hannu na rufe bakin wayar, na matsa can ƙarshen baranda.

"Ba cewa zan yi ya taho ba," ta ce. "Na san halin babansa, na san wahalar da ya sha. Ba zan ma ce masa ina asibiti ba. Muryarsa kawai nake so in ji. Ko sallama ce ya yi mini ya koma."

Na ce mata in ya dawo zan sa ya kira. Ta ce to, Allah ya yi mana albarka, ni da shi. Na kashe wayar gaba ɗaya, na mayar da ita inda take, na juya makulli.

Ga lissafin da na yi, don ku san ba hauka nake ba. Habibu ya san muryar uwarsa. Kalma biyu za ta faɗa ya gane, ya rikice, gobe ya tsaya gaban malami aya ta ɓace masa. Na ce saura kwana shida, mai shan kunu da safe ai zai kai kwana shida. Na ce in aka kashe rediyo an kashe ke nan, ba a buɗewa don mutum ɗaya. Lissafin bai da aibi ko ɗaya in a takarda ne. Ban gaya wa mahaifiyarku an kira ba, sai bayan shekara biyu.

Da wuta ta dawo wajen ƙarfe biyar Amm Nagib ya hawo da faifansa. Habibu ya ce yau a yi masa uzuri. Muka zauna mu biyu. Ban san me fuskata ta nuna ba, amma tsohon ya riƙa satar kallona. Da fim ya ƙare, jirgi ya shigo tasha ana busa ƙaho, sai na ce masa, don dai in ji ta bakin wani, mutanen nan sun san aikinsu. Ya ɗaga kafaɗa yana mayar da faifan cikin leda.

"Ya Hajj, ni shekara talatin ina ƙasa wurin inji, ban taɓa ganin jirgi mai tsabtar wannan ba. Ka san abin da ya sa nake son su? A fim, in kyaftin ya yanke hukunci, kafin a tashi za a nuna maka ya yi daidai. A teku ba wanda ke zuwa ya nuna maka. Ma'alish, ba komai, shi ya sa muke kallo."

Bai san komai ba game da abin da ke gidana. Na raka shi bakin matattakala, na dawo na yi alwala.

Yaya Hauwa ta rasu bayan kwana uku, ranar Talata da hantsi. Daga yammacin ranar da muka yi magana ba ta sake farfaɗowa ba. Yaya Sale ya kira ni bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce saura kwana uku, in ƙara dauriya. Na daure. Na yi mata salla ni kaɗai a ofis, a ɗakin fayil, na kulle ƙofa. Mahaifiyarku ta shige ɗaki ta ce wa Habibu ciwon kai ke damunta.

Ranar da ya ajiye alƙalami ya dawo yana fara'a, ya sayo mana mangwaro a hanya. Na riga na kira wani dattijon malami daga cikin manyan ɗalibai, kamar yadda ake yi. Aka bari ya ci abinci, ya yi salla. Sannan malamin ya fara da ayoyin haƙuri, kuma duk ɗalibin da ya ga an fara masa haka ya san sauran. Habibu ya saurara har ƙarshe kansa a ƙasa. Ya yi istirja'i, ya tambayi ranar, ya tambayi wanda ya yi mata salla. Hawaye na zuba amma muryarsa ba ta rawa. Ya ce Allah ya saka wa Baba da Baffa, ya san don shi aka yi. Na ce a raina, shi ke nan, mun shigo tasha.

Da malamin ya tafi na ɗauko wayarsa na ba shi. Ya kunna a gabana. Ni da na shekara talatin ina gyara fayil, ban tuna waya tana ajiye jerin kira ba. Ya daɗe yana kallon fuskar wayar.

"Baffa, an amsa kiran Maryam ranar Asabar. Minti huɗu."

"Ni na amsa."

"Da Inna ka yi magana?"

"Da ita."

"Me ta ce?"

Na ce masa ta ce ya dage da karatu, kada ya damu da ita, ta sa masa albarka. Rabin ƙarshe gaskiya ne. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙanta. Bayan kwana biyu na kai shi filin jirgi da kaina.

Sakamako ya fito da kyau, ya ci da daraja mai girma, takardar da yake koyarwa da ita yanzu ke nan. Yaya Sale har ya rasu yana cewa shawararsa ce ta fitar da yaron, kuma ban taɓa yi masa musu ba. Wataƙila ma gaskiyarsa ne. Finafinan kuwa ban daina kallo ba, kun shaida, Amm Nagib ya bar mini kwali ɗaya da zan taho. Har yanzu ina son jiran nan da kawaicin nan. Sai dai yanzu in an rufe ƙofar ƙarfe ba fuskar kyaftin nake kallo ba, ƙofar nake kallo, kuma ba a cika daɗewa a kanta ba.

Kwana tara da saukarsa gida, Habibu ya kira ni. Ina ofis, da rana tsaka. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi Umma, wato mahaifiyarku, ya tambayi Amm Nagib. Sannan ya ce sun zauna da Maryam, ita ce ta riƙe wa Inna wayar a kunne, ta ji komai daga farko har ƙarshe. Ya ce ba ɓoye ciwon ya kira a kai ba, wannan umarnin Baba ne, ya yafe tun a Alƙahira. Tambaya ɗaya ce da shi.

"Baffa, ranar Asabar ba ni da jarrabawa. Ina ina lokacin?"

"Kana ɗaki."

"Maryam ta ce da aka ajiye wayar Inna ta ce mata, ga Habibu can yana karatu, na ji shi kaɗan kafin Ɗan Boko ya toshe."

Na ji numfashinsa, na ji kukan akuya a bayansa, can Funtuwa.

"Inna ta ce kada a gaya maka ta ji," in ji shi. "Ta ce kunya za ka ji."